Gulbin Kaba da Tsaron Ruwan da Ke Ƙarƙashin Rairayi

Gulbin Kaba kwari ne mai faɗi da ya ratsa tsakiyar jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Mafarinsa yana arewacin Najeriya, a ƙasar Katsina da Daura. Daga can ya shigo Nijar, ya miƙe arewa cikin gundumar Tasawa, ya karkata yamma ya bi ta Kanan-Bakashe da Mayahi, sannan ya gangara kudu maso yamma ta ƙasar Gidan Rumji har ya koma Najeriya, inda ya zama ɗaya daga cikin rassan Gulbin Rima. A taswira da shuɗin layi ake zana shi. Amma wanda ya tsaya a tsakiyarsa cikin watan Maris, rairayi zai gani, da karan gero, da kaba, da goruba tsaye nan da can. Masana ƙasa suna lissafa shi cikin tsofaffin koguna, waɗanda suka yi gudu sosai dubban shekaru da suka wuce, lokacin da Sahara take da damshi. Yau sai da damina ruwa yake taruwa a wasu sassansa, ya kwanta tabki-tabki, ya yi makonni ko watanni, ya ƙafe.

Duk da haka gulbin bai mutu ba. Ƙarƙashin kwarin akwai shimfiɗar rairayi da tsakuwa da tsohon kogin ya bari, kuma cikin wannan shimfiɗa ruwa yake kwance. Shi ya sa mai ginin rijiya a cikin kwari yake iske ruwa da wuri, alhali abokin sana'arsa da ke kan jigawa sai ya nutsa gaba masu yawa kafin ƙasa ta yi laushi. Can ƙasa da wannan kuma akwai wani ruwan mai zurfi, cikin tsohon dutsen yashi na babban kwarin Iwillimmeden da ya haɗa Nijar da Najeriya da Mali. Shi ne rijiyoyin burtsatse suke zuƙowa. Garuruwan da suka jeru a bakin gulbin, da kasuwanninsu, da burtalin da garken Fulani da na Abzinawa suke bi, duk wannan ruwan da ido ba ya gani ne ya zaunar da su a inda suke.

Yadda ruwan yake shiga ƙasa

A ƙasar Mayahi da Tasawa ruwan sama yakan kai milimita 300 zuwa 500 a shekara, kuma kusan dukansa yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba. Rana da iska kuwa suna iya shanye fiye da milimita 2,000 daga fuskar ruwan da yake a fili cikin shekara guda. Ke nan ruwan da ya tsaya a sarari ɗan lokaci gare shi. Wanda ya nutse ƙasa ne kawai yake kai mutane rani.

Ruwan da ya sauka a kan gona kashi uku yake rabuwa. Wani ya jiƙa saman ƙasa gero da ciyawa su sha, wani ya koma sama tururi, wani ya gangara. Mai gangarawar nan yana bin ƙoramu har ya taru a fadama ko tabki, kuma daga gindin tabki da gefensa ne mafi yawan ruwan ƙarƙashin ƙasa yake samun ƙari. Dukan filin da ruwansa yake gangarowa zuwa kwari ɗaya, tun daga ƙolin jigawa har gindin fadama, shi ne magangarar wannan kwari, kuma tsaron ruwa daga can ƙolin yake farawa. Kwarin tamkar randa ce da aka binne: abin da ya shiga ta baki shi za a ɗiba, kuma in bakin ya toshe ko ya ƙazantu, randar duka ta cutu.

A nan akwai wani abu da ya kamata a faɗa, domin yakan rikitar da masu sauƙaƙa magana. A kewayen Yamai, awon da aka daɗe ana yi wa rijiyoyi ya nuna ruwan ƙasa ya yi ta hauhawa tun daga shekarun 1960, har cikin shekarun fari. Dalili shi ne sassabe ya tsiraita ƙasa, ruwa ya daina tsayawa a gona, ya riƙa kwarara da yawa zuwa tabkuna, daga nan ya nutse. Wannan ba hujja ba ce ta sare daji. Ribar da rijiya ta samu, gona ce ta biya ta: ƙasar noma ta zaizaye, kwazazzabai sun tsaga filaye, rairayi ya cike tabkuna. Abin da binciken ya tabbatar shi ne muhimmancin tabki. Duk tabkin da ya cike da rairayi, ko laka ta liƙe gindinsa, ko aka nome shi har tsakiya, ƙofa ɗaya ce ta shigar ruwa aka rufe.

Goruba da kaba

Itacen da ya fi kowane bayyana halin Gulbin Kaba shi ne goruba. Tana son wurin da ruwan ƙasa yake kusa, saboda haka jerin gorubai a kwari alama ce ta inda ruwa yake kwance. Saiwoyinta suna riƙe rairayi, ganyenta yana karya ƙarfin iska, kuma cunkoson kabar da ke gindinta yana tare ƙurar da iskar hunturu take kwasowa, yana rage gudun ruwa in an yi mamako. Tana da namiji da mace, kuma macen ce take ba da ƴaƴa.

Amfaninta ga gida ba ya lissafuwa da sauri. Da kaba ake saƙa tabarma da malafa da kwando, ake tufka igiyar guga da ta ɗaurin dabbobi. Ana cin ƴaƴan, ana daka ɓawonsu a yi gari, yara suna shan ƙwalshi tun goruba ba ta nuna ba, ana hura wuta da ƙodago, gangar jikin kuma tana shiga rufin ɗaki. Yankan kaba da saƙarta sana'ar mata ce mafi yawa, kuma a shekarar da gero ya ƙi, kuɗin tabarma ne yake sayen hatsi a gidaje da dama na ƙasar Kanan-Bakashe da Mayahi. Daga kasuwannin yankin ake lodin kaba da tabarmi zuwa Maraɗi da Najeriya.

Matsalar tana cikin yadda itacen yake girma. Kaba ƙaramar goruba ce da ba a bari ta tashi ba. In ana yanke sabon tohonta kowace shekara, musamman in wuƙa ta taɓa zuciyar tsiron, sai ta zauna a ƙasa tana yaɗuwa gefe, ba ta yin ganga, ba ta yin ƴaƴa. Tsofaffin gorubai kuma suna faɗuwa ko a sare su. Haka kwari zai cika da kaba, mai wucewa ya zaci komai lafiya, alhali babu matasan itatuwa da za su gaji manya. Cire ƙwalshi tun yana ɗanye yana ƙara rage iri.

A farkon shekarun 2000 wani shirin gyaran dazuzzuka na gwamnatin Nijar, da tallafin Bankin Raya Afirka, ya yi aiki a wannan kurmin goruba. Masu binciken da suka biyo aikin sun ba da shawara mai sauƙin fahimta: a kowane cunkoson kaba a zaɓi tsiro ɗaya ko biyu masu ƙarfi a bar su su tashi, a yanki sauran, a kuma tsara sayar da kaba ta wuraren ciniki da masu yankan suke da murya a cikinsu, yadda wani kaso na kuɗin zai koma ga kula da dajin. Hikimar shawarar ita ce ba ta raba mace da wuƙarta ba. Dokar da ta ce kada a yanki kaba ko kaɗan, ranar da aka kafa ta za a fara karya ta, domin yunwa ba ta jiran izinin ma'aikacin gandun daji.

Abin da ya matsa wa kwarin

Ƙidayar 1977 ta sami mutum ƙasa da miliyan 1 a jihar Maraɗi. Ƙidayar 2012 ta sami fiye da miliyan 3.4. Ƙasar kuwa ba ta ƙaru ba. Saurar da ake bari ta huta a da ta kusan ƙarewa, gonaki suka gangaro cikin kwarin da ya kasance makiyaya, burtali ya tsuke. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa da dabbobi masu yawa, suka bar jigayi a tsirara. Inda ƙasa ta daskare ta zama fako, ruwan sama ba ya shiga, sai ya zame ya tafi da ɗan takin da ya rage. A makiyaya kuma garmani, ciyawar da dabbobi ba su damu da ita ba, ta mamaye filaye masu yawa, ta kore ciyayin da suka fi ta amfani.

Sabon matsi ya zo da noman rani. Injin ban-ruwa da fanfo mai aiki da hasken rana sun sauƙaƙa jan ruwa, kuma wannan alheri ne ga mai lambun albasa da tumatir da zogale. Sai dai guga tana da iyaka, ƙarfin hannun mai ja ko na dabbar da ke ja shi ne iyakarta. Fanfon hasken rana ba ya gajiya, ba ya cin mai. In rijiyoyi irin wannan suka yawaita a wuri ɗaya ba tare da awo ba, ruwan yana iya sauka ƙasa da inda tsohuwar rijiyar gari da saiwar goruba suke kaiwa. Takin zamani da maganin ƙwari da ake zubawa a lambun da ruwansa yake kusa su ma suna da gajeriyar hanya zuwa rijiya.

Dokoki da wuraren da aka keɓe

Gulbin Kaba ba gandun namun daji ba ne mai shinge da ƙofa. Wuri ne da ake noma da kiwo da zama, kuma tsaronsa ya rataya ne a kan dokoki da yawa da suka haɗu a kansa. Dokar daji ta 1974 ta sa goruba cikin itatuwan da aka hana sarewa sai da izini, tare da gawo da giginya da kuka da tsamiya. Amma dokar ta sa manomi yana ganin itacen da ke gonarsa na hukuma ne, don haka ya gwammace ya tumɓuke shi tun yana ƙarami da ya bar wa kansa rigima. A watan Mayun 1984 aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada a birnin Maraɗi. Dokar tsarin karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa hukumomin kula da filaye, waɗanda suka sauko daga gunduma zuwa ƙaramar hukuma har ƙauye, inda mai gari da wakilan manoma da makiyaya da mata suke zama tare a shata burtali da makiyaya da mashaya. Sabuwar dokar daji ta 2004 ta buɗe wa jama'ar karkara hanyar shiga kula da dazuzzukan da ke kusa da su. A 2010 aka fitar da dokar ruwa, wadda ta tanadi kewayen kariya ga wuraren ɗibar ruwan sha, da kuma dokar kiwo, wadda ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi.

Shata burtali ba ƙaramin abu ba ne a wannan jiha. Rikicin manoma da makiyaya na Toda a watan Oktoban 1991, a ƙasar Gidan Rumji, ya ci rayuka fiye da 100, mafi yawansu mata da yara. Garken da aka toshe wa hanyar zuwa tabki dole ya bi ta gona. Saboda haka turakun siminti da ake kafawa a gefen burtali aikin tsaron ruwa suke yi, kuma aikin tsaron rai.

Jihar tana da wuraren da aka keɓe da suna. A arewa akwai gandun namun daji na Gadabeji, wanda aka kafa a 1955, mai faɗin hekta 76,000. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren da ake haɗa kare halittu da rayuwar jama'a a 2017, kuma a 2018 aka kai masa raƙuman dawa daga yankin Kure. A can rayuwar namun daji da ta garken makiyaya duka tana kewaya ƴan tabkunan damina ne da rijiyoyi. A kudu akwai dajin Baban Rafi da tabkin Madarumfa, wanda ya shiga jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a 2019. Nijar ta shiga wannan yarjejeniya a 1987. Madarumfa misali ne a fili na iyakar abin da suna yake iya yi: ruwan tabkin daga gulabe yake zuwa, kuma rairayin da yake cike shi daga gonakin da ke nesa da gaɓarsa yake tasowa. Wanda ya tsare gaɓa ya bar tudu, rabin aiki ya yi.

Ayyukan da ake yi a tudu

Mafi girman gyaran da ya faru a wannan yanki manoma ne suka yi shi da hannunsu. Tun daga 1983 da 1984 aka fara yaɗa dabarar da ake kira sassaben zamani a kewayen Maraɗi, kuma sunan Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostareliya, yana haɗe da farkon yaɗa ta. Maimakon a share gona ƙaf kafin shuka, sai a duba kututturan da suke toho, a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a sassabe sauran, a kiyaye waɗanda aka bari. Saiwar tana nan da ranta tun da can, don haka itacen yana tashi da sauri fiye da dashe. An ƙiyasta cewa wannan dabara ta dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. Ƙauyen Ɗan Saga a gundumar Agye ya yi suna da kwamitin sa ido da ya haɗa maza da mata da makiyaya domin hana saran sata. Gawo ya fi kowane itace karɓuwa a gona, saboda yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, ya kuma ba dabbobi ƴaƴa da rani. Barin tsiron kaba ya zama goruba wannan dabarar ce aka kai cikin kwari.

A kan fako, inda babu kututturen da zai toho, sai an fasa ƙasa. Ana gina rabin wata, bakinsa yana fuskantar tudu, ya tare ruwan da ke gangarowa har ya nutse, a shuka ciyawa ko itace a ciki. Ana gina tassa, ƙananan ramuka da ake zuba wa taki a shuka gero. Inda akwai duwatsu ana jera su a kan layin da ya yi daidai da kwanciyar ƙasa. A ƙoramu ana gina ƙananan madatsai masu baza ruwa, waɗanda ba sa riƙe shi gaba ɗaya, sai dai su rage masa gudu ya bazu a fadama ya nutse. Shirin bunƙasa noman iyali da asusun raya noma na ƙasa da ƙasa, FIDA, ya tallafa tun daga 2015 a jihohin Maraɗi da Tawa da Damagaram ya yi irin waɗannan ayyuka. Rauninsu sananne ne: filin da aka gyara da kuɗin aikin gayya, in ba a bayyana tun farko wanda zai yanki ciyawarsa da wanda zai tsare shi ba, shekara kaɗan sai ya koma yadda yake.

Bakin rijiya da ingancin ruwa

Rijiyar da ba ta da dakali, kwatamin da ke kewaye da ita yana komawa cikinta. Abubuwan da ake bukata sanannu ne: baki mai tsayi na siminti, daɓe mai gangara, magudana da za ta kai ragowar ruwa nesa, wurin shayar da dabbobi a ware, da nisanta masai da juji da turken dabbobi daga rijiya. A ƙasa mai rairayi irin ta gulbi ƙazanta tana tafiya da sauri, don haka nisan yana da muhimmanci fiye da a ƙasar laka. Yasar rijiya kafin damina da samun guga da igiyar da ba a yar da su a ƙasa suna rage gudawa da kwalara fiye da yadda ake zato. Tabkunan da ke cikin gari da kewayensa, irin na Tasawa, suna karɓar ruwan unguwanni da sharar leda, kuma abin da suka karɓa suna miƙa wani sashensa ƙasa.

Zurfi ma ba ya tabbatar da lafiyar ruwa. A Tsibirin Gobir, kusa da Maraɗi, wata rijiyar burtsatse da aka fara amfani da ita a tsakiyar shekarun 1980 ta ba da ruwa mai yawan sinadarin fuloraid, wanda yake cikin dutsen ƙasa tun asali. Yara masu yawa suka sami lalacewar haƙora da lanƙwasar ƙashi kafin a gane tushen cutar a daina shan ruwan. Ruwan garau yake, ba shi da wari. Awo a ɗakin gwaji ne kawai yake nuna irin wannan, kuma ya kamata a maimaita shi lokaci lokaci, ba ranar buɗe fanfo kaɗai ba.

Ruwan da ya tsallaka iyaka

Tun da kan Gulbin Kaba yana Najeriya, wutsiyarsa ma can ta koma, abin da aka yi a sama yana shafar Kanan-Bakashe ko da mutanenta ba su ji labari ba. Madatsar Jibiya da aka gina a jihar Katsina ta canza yadda ambaliya take isa Gulbin Maraɗi, kamar yadda madatsun Tiga da Challawa a jihar Kano suka rage ambaliyar da ke ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru. Madatsa tana ba na kusa da ita ruwan sha da na lambu, amma ambaliyar da ta tare ita ce take cika tabkuna da rijiyoyin na ƙasa da ita.

Ƙasashen biyu sun kafa hukumar haɗin gwiwa a 1971, mai mazauni a Yamai. A watan Yulin 1990 suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwa bisa adalci a magangara huɗu da suka haɗa su: Maggiya da Lamido, Gada da Gulbin Maraɗi, Tagwai da El Fadama, da kuma ƙasan Komadugu Yobe. Yarjejeniyar ta tanadi musayar bayanai kan ruwan sama da na koguna da na ƙarƙashin ƙasa, da sanar da juna kafin a fara aikin da zai canza gudun ruwa. Cika wannan sharaɗi yana bukatar ma'aunin ruwan sama a ƙauyuka, da rijiyoyin awo a cikin kwari da ake auna zurfinsu a ƙarshen damina da ƙarshen rani kowace shekara, da ma'aikatan da za su ajiye alƙaluman su kai su ga ƙananan hukumomi da hukumomin filaye na Tasawa da Mayahi, waɗanda a gabansu ake yanke shawarar inda za a gina sabuwar rijiya ko a buɗe sabon lambu.